Gurbi na Biyu da na Huɗu

Yaya Dogo,

Assalamu alaikum. Da fatan takardar nan za ta same ka lafiya, kai da duwatsunka da sauron da ke yi maka gadi. Mu nan lafiya lau, sai gwiwar Baba da ta sake tashi, yana dafa bango kafin ya miƙe, amma bakinsa lafiya ƙalau, kada ka ji komai. Gwaggo ta zo ranar Lahadi, an canza mata tabarau. Ta ce in gaya wa ɗanta, wato kai, cewa yanzu tana ganin rubutu sarai, saboda haka ya nemi wata hujjar ta rashin rubuto mata.

Tun da madatsar ruwan nan taku ba ta da sabis, kuma motar kayanku sau ɗaya take hawa a mako biyu, ga ni na koma biro da takarda. Ka zauna da kyau, magana ce.

Ka san wata goma sha huɗu ke nan ina kula da ɗakin kwamfuta a cibiyar koyar da zanen gini. Ni ke buɗe ɗaki, ni ke goge tebura, ni ke rubuta sunayen ɗalibai. A watan jiya aka sayo sababbin kwamfutoci sha shida. Injiniya, dattijon da yake yi mana gyara tun kafin a ɗauke ni, shi ya haɗa su da hannunsa. Kowace tana da sandar memori biyu, wato ma'ajiyar da take aiki da ita, madabod ɗin kuma, babban faifan da ake dasa su a kansa, gurabe huɗu gare shi. Sai ya jera sandunan a gurbi na ɗaya da na biyu, manne da juna, ya ce haka ake aiki mai tsafta, ka cika na farko kafin ka wuce gaba.

Kwamfutoci sun tashi, ba a ce ba su tashi ba. Amma da ɗalibi ya buɗe zanen bene mai hawa uku ya ce zai juya shi, sai ka ga hoton yana tafiya yana tsayawa. Yara suka yi ta tsaki. Ranar da aka ce in fitar da kwalaye, sai na tsinci ɗan littafin da ya zo da madabod ɗin, ko ledarsa ba a yage ba. A shafi na tara ga zane nan ɓaro-ɓaro. Guraben nan huɗu hanya biyu ce. Na ɗaya da na biyu hanya guda, na uku da na huɗu hanya guda. In sanda biyu gare ka, ka sa ɗaya a na biyu, ɗaya a na huɗu, kana ƙirgawa daga wajen furosesa, ƙwaƙwalwar kwamfutar, don kowace ta samu hanyarta. Mu kuwa mun cusa su a hanya ɗaya, ɗayar tana zaune banza.

Na kai wa Injiniya littafin cikin ladabi, har da rusunawa. Ko karɓa bai yi ba. Cewa ya yi, “Ke aikinki tsumma ne, ki riƙe tsummanki.” A gaban ɗalibai fa, Yaya. Wallahi har kunnuwana sai da suka yi zafi.

Ranar Laraba da aka fita hutun rana, na ɗauki sukudireba na buɗe kwamfuta ta bakwai, wadda ke jikin taga. Na mayar da sandunan na biyu da na huɗu, na kunna. Ba ta kawo ba. Injiniya ya shigo ya tarar da murfi a buɗe, ya ture ni gefe, ya mayar da su inda suke da, ya kunna. Ba ta kawo ba. Shi ke nan, ya ce na kashe ta. Ya ƙwace littafin ya kulle a durowarsa, ya liƙa wa ta bakwai takarda ya kai ta sito.

Darakta ta kira ni ofis. Ba ta yi faɗa ba, ta dai turo mini takarda a kan tebur. An rubuta cewa ni, da sakaci da rashin sani, na lalata kayan cibiya, kuma na yi alkawarin ba zan sake buɗe wata na'ura ba. In na sa hannu, aikina yana nan. In na ƙi, kwamitin cibiya zai zauna ranar ƙarshe ta watan gobe, a sallame ni da takardar da za ta ce na ɓata kaya. Ka faɗa mini wane shagon gyara ne zai ɗauki mai irin wannan takarda, kuma ka san can nake son zuwa.

Ban sa ba, kuma ba zan sa ba. Abu ɗaya nake so daga gare ka, tun da kai ka fara koya mini riƙe sukudireba a kan tsohuwar rediyon Baba. Na biyu da na huɗu, daidai ne ko ba daidai ba ne?

'Yar kawunka,
Barkono

*

Barkono,

Wa'alaikumus salam. Na samu takardarki, na gode. Ina lafiya, sai mura da ta ɗan taɓa ni, sanyi ake yi a kan dutsen nan da safe. Ki gaida Kawu, ki ce ya rage hawa matakala. Ki gaya wa Inna na ji saƙonta, tata takardar tana cikin ambulan ɗin nan, ki miƙa mata kada ki buɗe, na san halinki.

A tsaye nake rubutun nan, direba yana ta danna mini oda, saboda haka ki yi haƙuri da gajarta.

Amsar tambayarki: daidai ne. Na biyu da na huɗu. Littafin bai yi ƙarya ba, kuma Injiniyanku ya yi kuskure. To amma ki saurara. Sanin inda za a sa abu daban, iya sa shi daban. Na karanta yadda kika rubuta, na ga ranki a ɓace yake ranar, kuma kin yi abin cikin hutun rana, a gurguje, kina tsoron kada a shigo. Mutum a wannan hali yakan manta ya zare wuta. Yakan manta ya taɓa ƙarfen akwatin ya sauke wutar nan da jiki ke tarawa. Yakan danna sanda a karkace. Kowanne a ciki yana iya kashe madabod, ba sai an ga hayaƙi ba. Tun da an mayar da su inda suke da ma ba ta tashi ba, to wani abu ya mutu a ciki, kuma hannunki ne na ƙarshe da ya shiga kafin ta mutu. Ba zagi ba ne, ya faru da waɗanda suka fi ki daɗewa.

Na kuma ga tsoro a takardarki, duk da cika bakin da kika yi. Ba abin kunya ba ne. Shawarata, ki sa hannu. Takarda ce kawai, za a jefa ta a fayil, ƙura ta rufe ta. Bayan shekara ɗaya wa zai tuna? Ki riƙe aikinki, ki ci gaba da karatunki a gida, in lokaci ya yi ki tashi a mutunce. Dattijon nan ba zai taɓa cewa ya yi kuskure a gaban yarinyar da take sa'ar 'yarsa ba, kuma Darakta ba za ta zaɓe ki ta bar shi ba. Haka wuraren aiki suke, na riga ki shiga.

Kawu ba shi da lafiyar da za ki zauna masa a gida kina huci. Ki rage yaji, sunan ya isa haka.

Yayanki,
Dogo

*

Yaya,

Salam. Muna lafiya. Gwiwar Baba da sauƙi. Na ba Gwaggo takardarta, ban buɗe ba, ba don ka hana ba, don ba na sha'awar rubutunka a makon nan.

Tsoro? Ni? Ka karanta takarda a tsaye, direba yana maka oda, har ka hango tsoro a ciki? Tabɗi! Ashe dutsen nan har duba ake koyarwa. Abin da ke cikin takardata haushi ne, yanzu kuma ya zama biyu, ɗaya na Injiniya ɗaya naka. Shi ya ce in riƙe tsumma, kai ka ce in riƙe aiki. Ban ga bambanci ba, sai dai kai ka saka gaisuwa a gaba.

Tun da ka yanke cewa hannuna ne, bari in lissafa maka abin da hannun ya yi. Na kashe ta. Na zare filogi daga bango. Na danna maɓallin kunnawa na riƙe, don ragowar wuta ta fita. Na cire awarwarona na ajiye a kan taga. Na dafa ƙarfen akwatin da tafin hannu biyu. Na buɗe 'yan kunnuwan da ke riƙe sanda, ta ɗago da kanta, na kama ta ta gefe, ko sau ɗaya yatsana bai taɓa haƙoran zinaren ba. Na duba tsagar da ke jikinta na daidaita da ta gurbin, na danna da manyan yatsu biyu har na ji ƙas a sama, ƙas a ƙasa. Sanda ɗaya ma na ɗaga, ta gurbi na ɗaya, na kai ta na huɗu, ta biyun tana inda take, dannawa kawai na yi in tabbatar. Ka nuna mini gurgujen a nan.

Na mayar da filogi na kunna. Fanka ta tashi da ƙarfi, wata 'yar fitila ruwan lemo ta kama a gefen madabod, allo baƙi. Na ƙirga goma kamar yadda doka ta ce, na zare. Na sake, na ƙirga goma, na zare. Injiniya ma da ya mayar da su sau uku ya gwada, yana ƙirgawa da ƙarfi, yana zarewa a goma.

Ka ga ban ma taɓa ba ka labarin dokar ba. A ɗakinmu rubuce take a jikin ƙofa: allon da bai kawo ba a ƙirga goma, a zare filogi. Wai shekarun baya wata kwamfuta ta taɓa kama wa Injiniya da wuta yana tsaye yana jira, har labule ya ci. Tun ranar ba ya jira, kuma ba ya bari kowa ya jira. Ranar da aka ɗauke ni, ita ya fara koya mini kafin ya nuna mini inda tsintsiya take.

Yanzu an karɓe makullin ɗaki daga hannuna. Kujera aka ajiye mini a bakin ƙofa, ina rubuta sunan mai shiga da mai fita. Kullum da safe Darakta sai ta tsaya ta ce, “Kin yi tunani?” Ni kuma in ce, “Na yi, ranki ya daɗe.” Ta ce, “To?” In ce, “Yana nan yadda yake.” Jiya har ta ajiye mini biro a kan cinya. Na bi ta da shi har ofis na ce ta manta bironta.

Ka ce takarda ce kawai. To in takarda ce kawai, me ya sa suke bina da ita kullum? Ban san abin da ya sami ta bakwai ba, ba zan yi maka ƙarya ba, abin yana cina. Amma ba zan rubuta da hannuna cewa na yi sakaci ba alhali ban yi ba. In wannan shawarar ce za ka sake aikowa, ka bar wa direba takardarka ya goge gilashi.

Barkono

*

Ƙanwata,

Assalamu alaikum. Ina lafiya, murar ta tafi. Allah ya ƙara wa Kawu sauƙi. Ruwan sama ya cinye hanyarmu a wuri biyu, kwana goma sha tara mota ba ta hawo ba, sai yau takardarki ta iso a jiƙe. Na karanta ta a zaune wannan karon, sau uku.

Kada ki sa hannu. Kin ji ko? Kada ki sa. Ta bakwai ba ta mutu ba, kuma ba ki yi mata komai ba.

Da kin ba ni labarin goman nan tun farko! Sababbin madabod ɗin nan, duk lokacin da aka canza wa memori wuri, sai sun zauna sun gwada shi, sun auna saurin da za su riƙa magana da shi. Abin yakan ɗauki minti ɗaya, ko biyu, wani lokaci har uku. Duk tsawon lokacin allo baƙi ne, fanka na gudu, 'yar fitilar nan ruwan lemo tana ci. Wannan fitilar cewa take a jira ni. In an zare filogi a tsakiya, sai ta koma farko. Ke da Injiniya sau biyar kuna katse ta. Ki nemi a fito da ita, a kunna, kowa ya sa hannunsa a aljihu minti uku. Shi ke nan gyaran.

Wannan ya kamata in tambaye ki tun a takardar farko, tambaya ɗaya ce: minti nawa kika jira? Aikina ne, na san abin. Ban tambaya ba, kuma ba laifin direba ba ne. Bari in gaya miki abin da ko Inna ba ta sani ba.

Kin tuna shekara bakwai da suka wuce da na bar kamfanin da na fara aiki, na ce wa kowa madatsa ta fi gaba? Ƙarya nake. Wani babban allon wuta ne ya ƙone. Sau biyu ina gaya wa shugaban sashenmu cewa wayar da ya sa a saka ta yi siriri, ya ce in yi abin da aka sa ni. Da ta ƙone sai aka turo mini takarda irin taki, kusan kalma ɗaya. Aka ce in sa hannu, magana ta mutu. Na sa. Wata huɗu bayan nan suka rage ma'aikata, sunana ne na farko, kuma takardar ce suka nuna. Duk inda na je neman aiki a gari sai na tarar ta riga ni zuwa. Nan kan dutse ne kawai ba a tambaya ba, don ba mai son zuwa.

To da na karanta cewa kin ƙi, maimakon in ji daɗi sai na ji haushi. Gaskiyar ke nan. Na fi son a ce ba a iya ƙi, don in ana iyawa, to ni ma da na iya. Tsoron da na ce na gani a takardarki nawa ne. Ki yafe mini.

Na ƙirga kwanaki, saura shida kwamiti ya zauna. Direba ya ce in gada ta biyu ta bari, zai iso gari cikin kwana uku. Na roƙe shi ya kai miki hannu da hannu, ya ce zai gwada.

Yayanki da ya ji kunya,
Dogo

*

Barkono,

Salam. Ina lafiya, da fatan kuna lafiya. Mota ta hawo yau, na zazzage jakar wasiƙu har ƙasa, babu taki. Sabon direba ne, bai san komai a kan waccan ba.

Kwana goma sha ɗaya ke nan da zaman kwamiti. Shirun nan na fassara shi iri biyu, kuma ba mai daɗi. Ko dai kin bi shawarata ta farko kin sa hannu, kina jin nauyin gaya mini. Ko kuma kin karanta abin da na rubuta a kaina, kin ga Yayan da kike ɗauka wani abu ashe ba komai ba ne. In na farko ne, laifina ne, ba naki ba. In na biyu ne, ba zan yi musu ba. Ko layi ɗaya ne ki rubuto, ko da zagi ne.

Dogo

*

Yaya Dogo,

Wa'alaikumus salam. Kowa lafiya. Baba ya fara zuwa bakin titi da ƙafarsa. Gwaggo tana gaishe ka, ta ce rubutunka ya lalace.

Kai dai ba ka iya karatu ba, ko na takarda ko na shiru. Takardunka biyu jiya suka iso tare, direban farko ya bar waccan a gareji cikin aljihun rigarsa. Shirun da na yi kuwa fushi ne kawai, na takardarka ta farko, ban san ma akwai wasu a hanya ba. Na karanta ta biyun nan, mai labarin allon wuta, na yi kuka, ba zan ɓoye ba. Ban raina ka ba. Haushin shekara bakwai da ka yi kana haɗiye abin nan kai kaɗai nake ji, sai ka ce ba ka da dangi.

Yanzu ka ji yadda aka yi ba tare da kai ba.

Zaman kujerar bakin ƙofa ya yi mini rana. Mutum in ba shi da aiki sai tunani. Ana saura kwana biyu sai na tuna ranar da Injiniya ya haɗa kwamfutocin nan. Da ya gama, daga babban makunni ya kunna su duka sha shida, sai aka kira shi ofis. Ni ina goge tebura. Na gama layi ɗaya na shiga na biyu, alluna duk baƙi, fankoki suna ta ihu, ban kawo komai a raina ba tun da ba ni na kunna ba. Kafin ya dawo sun tashi. Wato shi bai taɓa ganin farkon tashinsu ba. Ban san dalilin da ka bayyana ba, wannan kawai na riƙe.

Ranar kwamiti, da safe, mutum uku a ofis da Darakta da Injiniya. Aka turo takarda, na mayar. Na ce abu ɗaya nake roƙo, a fito da ta bakwai a kunna a gabansu, in ba ta tashi ba su rubuta abin da suka ga dama. Wata dattijuwa a cikinsu ta ce ai wannan ba ya cin lokaci. Aka hau sama, ɗalibai suna ciki, aka ɗora ta a tebur. Na ce ni zan sa sandunan. Na biyu da na huɗu, ƙas, ƙas, kowa na kallo. Na kunna, na koma na tsaya na ba soket baya.

Injiniya ya fara ƙirga. Da ya ce goma ya miƙo hannu zai zare filogi, sai na kama hannun rigarsa na ce, “Sha ɗaya.”

Yaya, sai ya ja hannunsa. Ya ce, “Sake ni, za ta kama da wuta, akwai 'ya'yan mutane a ɗakin nan!” Kuma da gaske yake, idonsa na kan ɗaliban, a nan na gane ba girman kai kaɗai ke damunsa ba. Amma ban saki ba. Sha biyu, sha uku. Darakta ta kira ni da ƙarfi, na yi kamar ban ji ba. A wajen talatin wata ɗaliba ta kama mini ƙirgan, sai ga rabin aji. A sittin ina ta shinshina iska ko zan ji ƙauri. A tamanin na ce a raina shi ke nan, na kashe kaina da kaina. A ɗari da goma sha huɗu fitilar ta mutu, na'ura ta yi ƙara ɗaya, allo ya kawo.

Na shiga shafin da ke nuna kayan ciki, ga shi a rubuce, memori yana kan hanya biyu. Wani ɗalibi ya buɗe zanen benen nan ya juya shi, ya tafi sumul ba tsayawa. Yara suka sa ihu. Injiniya ya zauna a kujera. Na durƙusa a gabansa na ba shi haƙurin kama masa riga, kuma har zuciyata na yi, sa'an Baba ne.

Kada ka fara murna. Bayan awa ɗaya aka sake kirana. An janye maganar ɓata kaya, amma ga sabuwar takarda. Wai in amsa na buɗe na'ura ba izini, na taka dokar ɗaki, kuma in yi alkawarin ba zan sake buɗe wata ba. Na ce biyun farko gaskiya ne, a kawo biro. Na ukun ne ba zan iya ba, don sauran sha biyar ɗin suna nan a hanya ɗaya, kuma duk ranar da aka bar ni da su sai na gyara. Darakta ta ce, “Ke kam ba kya taimakon kanki.” Dattijuwar nan ta yi ta kallon silin. Aka ba ni takardar sallama kafin a tashi.

Na rasa aikin, Yaya, kuma yana yi mini zafi. A matakala na zauna na yi kukana, sannan na wanke fuska a famfon ƙasa na kama hanya. Ban san inda zan dosa ba tukuna. Ranar Litinin zan fara bin shagunan gyara ɗaya bayan ɗaya.

Abin da na fi jin tsoro shi ne Baba. Na same shi a ƙofar ɗaki ya miƙe ƙafa, na miƙa masa takardar. Ya sa tabarau ya karanta, yana bi da yatsa, ya kai ƙarshe ya sake komowa sama.

Ya ce, “Rashin biyayya.”

Na ce, “E, Baba.”

Ya ce, “Na duba ban ga inda aka ce kin ɓata musu kaya ba.”

Na ce, “Babu.”

“Ko inda aka ce ba ki iya ba.”

“Babu, Baba.”

Ya ninke ta a hankali yadda take, ya miƙo mini. Ya ce, “To ki nemo mata leda, kada ta jiƙe. Duk shagon da kika shiga, ita za ki fara nunawa.”

'Yar kawunka,
Barkono